Jidda: Inda iyali za su iya kai ziyarar yini guda tsakanin teku, hamada da tsaunuka

Ga mafi yawan Hausawan da suka taɓa taka ƙasar Saudiyya, Jidda zango ce kawai. A nan jirgi ke sauka, a nan ake buga hatimi a fasfo, a nan kuma ake auna kaya ranar komawa gida. Alhazai masu yawa sun kwana a Madinatul Hujjaj suna jiran jirgi, sun koma Kano ko Maraɗi ba tare da sun ɗora ido a kan Bahar Maliya ba, alhali tsakaninsu da gaɓar tekun bai kai tafiyar rabin sa'a a mota ba.

Amma birnin, wanda ƙidayar 2022 ta nuna yana da mutum kimanin miliyan 3.7, yana cikin wuraren da Saudiyyawa da kansu suka fi zuwa hutu da iyalansu. Suna yi masa kirari da Amaryar Bahar Maliya. A yamma da shi teku ne, a gabas hamada da duwatsu, bayan su kuma tsaunukan Sarawat masu sanyi. Duk waɗannan ana iya zuwa a dawo a yini ɗaya.

Tun daga lokacin da hukumomi suka ba mai bizar Umara damar zagaya biranen ƙasar, iyalai da dama kan ware kwana ɗaya ko biyu kafin jirginsu ya tashi. Sai dai fita da yara a wannan yanki tana da sharuɗɗa. Zafi, teku da ambaliya sun sha cin rayuka a nan, saboda haka sanin lokacin fita ya fi sanin wurin zuwa muhimmanci.

Lokacin da ya dace

Jidda ba ta da hunturu irin na ƙasar Hausa. Daga Nuwamba zuwa Maris zafin rana yakan tsaya a kusan digiri 30 a ma'aunin Salshiyas, da dare ya sauko zuwa wajen 20. Waɗannan watanni su ne na fita, kuma a cikinsu ne gaɓar teku ke cika da iyalai.

Daga Mayu zuwa Satumba lamarin daban ne. Wanda ya saba da zafin Sakkwato a watan Afrilu yana iya ɗaukar cewa babu abin da zai ba shi mamaki, amma zafin Sakkwato busasshe ne, na Jidda kuwa yana tafe da danshin teku. Gumi ba ya bushewa a jiki, don haka jiki ba ya samun sanyi. A ranar 22 ga Yunin 2010 zafi ya kai digiri 52 a birnin. Hukumomin ƙwadago na ƙasar sukan haramta sa ma'aikata aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba na kowace shekara. Abin da aka hana wa ƙaƙƙarfan lebura bai kamata a ɗora wa yaro ɗan shekara biyar ko dattijuwa ba.

Shi ya sa rayuwar mutanen Jidda ta koma ta dare. Ana fita bayan la'asar, a yi magariba da isha'i a masallatan bakin teku, a ci abinci, a dawo gida tsakar dare. Ranakun hutun mako su ne Juma'a da Asabar tun 2013, kuma daren Alhamis da na Juma'a su ne mafi cunkoso.

Watannin sanyin ma suna da nasu haɗarin, domin su ne na ruwan sama. Ruwan ba shi da yawa a shekara, amma yakan zubo gaba ɗaya cikin sa'o'i kaɗan, ya gangaro daga duwatsun gabas zuwa cikin gari. Ambaliyar 25 ga Nuwamban 2009, wadda ta zo daidai da ranar fara aikin Hajjin shekarar, ta kashe fiye da mutum 120. A ranar 24 ga Nuwamban 2022 an auna ruwa milimita 179 cikin sa'a shida a kudancin birnin. Idan cibiyar hasashen yanayi ta ƙasa ta fitar da jan gargaɗi, a ɗage fita, musamman zuwa hamada ko tsauni.

Kornish: gaɓar teku ta kowa

Wuri mafi sauƙi da araha shi ne Kornish, doguwar hanyar da ta bi gaɓar teku tsawon kusan kilomita 30. Ba a biyan kuɗin shiga. Iyalai sukan zo da darduma, da butar shayi, da abincinsu, su zauna a kan ciyawa ko yashi.

Sashen arewa, wanda aka sabunta aka buɗe a ƙarshen 2017, ya fi dacewa da masu ƙananan yara. Tsawonsa ya haura kilomita 4, yana da filayen wasa, hanyar tafiya a ƙasa, hanyar keke, bandakuna, wuraren salla da wata doguwar gada da ta shiga cikin teku inda masu ƙugiya ke kamun kifi. Daɓen shimfiɗaɗɗe ne, ana iya tura keken jariri ko na mara lafiya ba tare da wahala ba.

Can gaba ta arewa akwai Masallacin Rahma, wanda aka gina a 1985 a kan ginshiƙai cikin ruwa. Idan teku ta cika, sai a ga kamar yana yawo a kanta. Alhazan Indunusiya da Malesiya sun daɗe da mayar da shi zangon ban-kwana kafin su wuce filin jirgi. A wannan yanki ne kuma aka shimfiɗa hanyar tseren motoci ta Formula 1, mai tsawon kilomita 6 da 'yan kai, wadda aka fara amfani da ita a Disambar 2021. A makon tsere akan rufe wasu tituna, sai a kula da hakan. Idan rana ta yi tsanani, gidan kifaye na Fakieh, wanda aka buɗe a 2013, yana kan Kornish ɗin, kuma yana nuna nau'o'in halittun ruwa fiye da 200. Shi kam ana biyan kuɗin shiga.

A sashen tsakiya, wajen unguwar Hamra, ake kallon Nafurar Sarki Fahad, wato ruwan da injina ke fesawa sama daga cikin teku. An ƙaddamar da ita a 1985, kuma babu irinta a tsawo a duniya: ruwan yakan tashi tsakanin mita 260 da 312, da gudun kilomita 375 a sa'a. Gindinta an yi shi da siffar kaskon turaren wuta. An fi jin daɗin kallonta bayan magariba, lokacin da fitilu sama da 500 ke haska ta.

A Hamra ɗin dai akwai filin sassaƙe-sassaƙe na sararin waje. Mohammed Sa'id Farsi, wanda ya shugabanci hukumar birnin a shekarun 1970 da 1980, ya ƙawata titunan Jidda da ayyukan fitattun masu sassaƙa irin su Henry Moore, Joan Miró da Alexander Calder. Daga baya aka gyara kimanin 20 daga cikinsu aka tara su wuri ɗaya a bakin teku.

Abu ɗaya da ya kamata iyaye su riƙe: a sassa da yawa na Kornish an hana iyo, kuma akwai alluna da ke nuna haka. Ƙarƙashin ruwan duwatsu ne masu kaifi, zurfin kuma yakan zo ba zato.

Al-Balad: tsohon gari

Asalin Jidda shi ne Al-Balad, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2014 da laƙabin Ƙofar Makka. Tarihi ya nuna Halifa Usman ɗan Affan ne ya mayar da Jidda tashar jiragen ruwan Makka a shekara ta 26 bayan Hijira, wajen 647 Miladiyya, a maimakon Shu'aiba. A farkon ƙarni na 16 aka kewaye garin da ganuwa saboda barazanar jiragen yaƙin Fotugal, waɗanda suka kawo farmaki a 1517 ba su yi nasara ba. An rushe ganuwar a 1947 da gari ya faɗaɗa, amma sunayen ƙofofinta suna nan: Bab Makka, Bab Sharif, Bab Jadid. Bakano ko Bakatsine zai gane wannan tsari nan take.

Gidajen Al-Balad benaye ne masu hawa uku zuwa biyar ko fiye, an gina su da dutsen murjani da ake haƙowa a gaɓar teku, ana ratsa katako a tsakanin jerin duwatsun domin ya riƙe ginin. Abin da ya fi jan ido shi ne rawashin, tagogin katako masu ɓula-ɓula da suka turo waje. Suna shigo da iska, suna tare rana, kuma matan gida suna ganin titi ba tare da an gan su ba.

Fitacce a cikinsu shi ne Gidan Nasif, wanda aka gina tsakanin 1872 da 1881. A nan Sarki Abdul'aziz ya sauka bayan Jidda ta miƙa wuya a Disambar 1925. Matakalarsa faffaɗa ce marar tsayi, ana cewa domin raƙumi ya iya hawa da kaya. A ƙofar gidan akwai tsohuwar bishiyar darbejiya, wadda ake ba da labarin cewa a wani zamani ita kaɗai ce bishiya a garin, har ana kwatance da ita. Yaron da ya tashi a inuwar darbejiya a Zariya ko Damagaram zai yi mamakin jin cewa akwai garin da guda ɗaya ta zama abin tarihi.

Daga nan ana iya ratsawa ta Kasuwar Alawi, inda ake sayar da turare, kayan yaji, dabino da tufafi, a leƙa Masallacin Shafi'i, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a garin. Daga gefen tsohon garin akwai maƙabartar da ake dangantawa da Nana Hauwa'u, har wasu na cewa daga nan sunan garin ya samo asali, tunda jadda a Larabci kaka ce. Wannan ruwaya ce ta baka, kuma hukumomi sun rushe ginin da ke kan kabarin tun 1928.

Hausawa ba baƙi ba ne a waɗannan lunguna. Kafin zuwan jirgin sama, maniyyata daga ƙasar Hausa da Barno sukan shafe shekaru suna tafiya ta Chadi da Sudan, suna noma da ƙwadago a hanya, har su kai Sawakin ko Port Sudan, su tsallaka teku zuwa Jidda. Da yawa ba su koma ba. Jikokinsu su ne masu sunayen Hausawi, Fallata da Barnawi, kamar Osama Hawsawi da ya jagoranci ƙungiyar ƙwallon ƙafar Saudiyya a Gasar Kofin Duniya ta 2018. Gasasshen naman da mutanen Hijaz ke kira siriya, mai ɗauke da garin ƙuli da yaji, tsire ne ya sauya suna. Wanda ya san Jidda a da zai tarar da sauyi, domin daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 hukumomi sun rushe tsofaffin unguwanni da dama, ciki har da Karantina, Sabil, Gulail da Hindawiyya, inda 'yan Afirka ta Yamma suka daɗe da zama.

Ana zagaya Al-Balad ne da ƙafa, kuma sa'a biyu zuwa uku bayan la'asar sun isa. A watan Ramadan garin yakan raya dare da masu sayar da balila, soyayyar hanta da sobiya. Tunda ana ci gaba da gyaran gidaje, kada a bar yara su shiga ginin da aka killace.

Obhur da cikin teku

Kimanin kilomita 30 arewa da tsakiyar gari akwai Sharm Obhur, wani hannun teku da ya kutsa cikin ƙasa tsawon kusan kilomita 10. Ruwansa a kwance yake, babu manyan igiyoyi, shi ya sa ya zama cibiyar jiragen ruwa na shaƙatawa. Daga nan ana hango Hasumiyar Jidda, wadda aka fara ginawa a 2013, aiki ya tsaya a 2018, aka ci gaba a 2025, da niyyar ta haura mita 1,000.

Iyali suna da zaɓi uku. Na farko, bakin ruwan da hukuma ta ware domin iyo, wanda kyauta ne. Na biyu, wuraren shaƙatawa masu zaman kansu da ke Obhur ta Arewa, inda ake biyan kuɗin yini ko a kama ɗaki. Waɗannan sun bambanta ƙwarai ta fuskar sutura, kiɗa da cakuɗuwar maza da mata, don haka mai iyali ya tambaya kafin ya biya. Na uku, hayar ƙaramin jirgi, ko dai zagaye na sa'a guda a cikin Sharm ɗin, ko fita zuwa tsakiyar teku. Wurin da ya yi suna shi ne Bayada, mai farin yashi da ruwa garai-garai marar zurfi, tafiyar kusan minti 40 a jirgi. Babu bishiya ko inuwa a can sai rumfar jirgin. Masu jirage sukan buƙaci katin shaida ko fasfon kowane fasinja, saboda dakarun tsaron iyaka ne ke ba da izinin fita.

Abin kallo a Bahar Maliya yana ƙarƙashin ruwa. Tana da nau'o'in kifi fiye da 1,000, wasunsu ba a samun su a ko'ina sai a nan, suna yawo a tsakanin murjani masu launi-launi. Da tabaran ruwa da bututun numfashi, yaron da ya iya iyo zai ga abin da ba zai manta ba. Gishirinta ya fi na yawancin tekuna, kusan giram 40 a kowace lita maimakon 35, saboda babu wani babban kogi da ke zuba a cikinta, rana kuma tana ƙafar da ruwan. Gishirin yana taimaka wa jiki ya taso, amma yana yi wa ido zafi.

Ruwa dai ba sa'an kwando ba ne. Iya iyo a kududdufi ko a Tiga ba ya nufin iya teku. A gefen murjani ƙasa takan yanke farat ɗaya, daga ruwa iya gwiwa zuwa zurfin da ba a ganin ƙarshensa, kuma akwai jan ruwa a wurin. Kowane yaro ya sa rigar kariya daga nutsewa tun kafin jirgi ya tashi, babba ɗaya kuma ya zama aikinsa kallon yara ne kawai, ba waya ba. A sa takalmin roba mai rufe ƙafa, domin akwai wata halitta mai dogayen ƙayoyi kamar bushiya, da wani kifi mai dafi da ke kwanciya a ƙasa kamar dutse. Kada a taɓa murjani ko a ɓalle shi: yana yanka fata, kuma abu ne mai rai da ke ɗaukar shekaru kafin ya sake tsirowa. Doguwar abaya ko babbar riga idan ta jiƙe takan yi nauyi ta naɗe ƙafafu, don haka matan da ke son shiga ruwa su nemi kayan iyo masu rufe jiki, waɗanda ake sayarwa a shagunan birnin.

Wanda ba ya son shiga ruwa yana iya sammako zuwa babbar kasuwar kifi da ake kira Bangala, kusa da tashar jiragen ruwa. Ana zaɓar najil, hamur ko harid, a biya a gyara, a kai wa masu suya, a ci da sayyadiyya, shinkafar da ake dafawa da soyayyar albasa har ta yi duhu.

Arewa, kudu da hamada

Kimanin kilomita 80 arewa da Jidda akwai Thuwal, tsohon garin masunta inda aka buɗe Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullah a 2009. Harabar jami'ar ba a shiga sai da izini, amma bakin tekun garin na kowa ne, kuma bai kai na Jidda cunkoso ba. Gaba da shi akwai Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullah, inda jirgin ƙasa na Haramain ke tsayawa. Wannan jirgi, da ya fara aiki a 2018, yana haɗa Makka, Jidda da Madina a kan layi mai tsawon kilomita 450, da gudun da ya kai kilomita 300 a sa'a. Ga yara, hawansa kaɗai ma yawon buɗe ido ne.

Ta kudu akwai bakin tekun Saif, sannan Shu'aiba, tashar Makka ta farko. Littattafan sira sun ambaci cewa daga nan Musulmin farko suka hau jirgi zuwa Habasha a shekara ta biyar bayan aiko Manzon Allah (SAW). A yau akwai babbar masana'antar tace ruwan teku da ke shayar da Makka, Jidda da Ɗa'ifa. Shaguna sun yi ƙaranci a wannan yanki, sai a tafi da ruwa da abinci.

Ta arewa maso gabas kuma akwai Usfan, tsohon zangon ayari a kan hanyar Makka zuwa Madina, inda hadisai suka ruwaito an yi sallar tsoro. Akwai kangon ganuwar Turkawan Usmaniyya a kan tudu, da tsohuwar rijiyar Tafla. A kewayen garin akwai duwatsu masu siffofi na ban mamaki da ake kira Kwarin Wata, inda matasa da iyalai ke hawan dutse da yamma a lokacin sanyi, su kunna wuta su dafa shayi.

Hamada tana da dokokinta. Ba a barin kwalta da mota ɗaya, kuma ƙaramar mota takan kafe a yashi. Ba a kafa zango a cikin busasshen rafi ko da sama garau take, domin ruwan da aka yi a tsauni mai nisa yana iya isowa ba sallama. A sanar da wani inda aka nufa da lokacin dawowa. Sare itace da kunna wuta a inda ba a ware ba laifi ne da jami'an tsaron muhalli ke cin tara a kansa.

Ɗa'ifa: gudun zafi zuwa tsauni

Idan bazara ta tsananta, mutanen Jidda da Makka Ɗa'ifa suke nufa. Garin yana kan tsauni mai tsayin kusan mita 1,800, kimanin kilomita 170 daga Jidda, tafiyar sa'a biyu zuwa biyu da rabi. Iskarsa busasshiya ce, darensa da sanyi, har a lokacin hunturu sai da rigar sanyi.

Hanyar Al-Hada, wadda ke hawa tsaunin a karkace kamar maciji, ita kanta abin kallo ce. Sai dai yaran da mota ke sa wa jiri sukan sha wahala, kuma akan rufe ta idan hazo ya yi kauri ko ana ruwa. A madadinta akwai hanyar Sail, wadda ta fi tsawo amma ba ta da hawa mai tsanani. A gefen hanyar Al-Hada birai sukan taru garke-garke. Sun saba da mutane, suna fizge leda daga hannu, suna kuma cizo. A kalle su daga cikin mota, gilashi a rufe, kada a ba su abinci.

A saman Al-Hada akwai Telefrik, ƙananan ɗakuna masu gilashi da ke tafiya a rataye da igiyar ƙarfe, suna sauka tsawon kusan kilomita 4 zuwa ƙauyen Kar da ke gindin tsaunin, inda akwai wurin wasan ruwa na yara. Daga ciki ana hango tsohuwar hanyar raƙuma da aka daɓe da duwatsu.

A watannin Maris da Afrilu ake girbin furen wardi na Ɗa'ifa. Ana tsinkarsa da asuba kafin rana ta kwashe ƙamshin, a zuba a manyan tukwanen tagulla a dafa, a tace tururin. Akan buƙaci fure fiye da 10,000 kafin a sami tola ɗaya ta man, wato kusan giram 12, abin da ya sa yake da tsada. Da ruwan wannan fure ake gauraya Zamzam wajen wanke ɗakin Ka'aba. Gonaki da matatu da dama a Al-Hada da Shafa suna karɓar baƙi a lokacin girbi. Daga tsakiyar bazara zuwa kaka kuma kasuwannin gefen hanya sukan cika da inabi, ɓaure, rumman da zuma.

A cikin gari akwai Masallacin Abdullahi ɗan Abbas, da Fadar Shubra ta farkon ƙarni na 20, da lambun Rudaf mai faɗi. A unguwar Masna akwai masallacin da ake dangantawa da Addas, bawan da ya kawo wa Manzon Allah (SAW) inabi ranar da mutanen garin suka jefe shi. Mai niyyar Umara a hanyar dawowa yakan ɗauki harami a miƙatin Ƙarnul Manazil da ke Sail, ko a Wadi Muhrim idan ta Al-Hada zai sauka. Wanda ba Musulmi ba kuwa dole ne ya bi hanyar da ta kewaye haramin Makka, kuma alluna suna nuna ta.

Takardu da dokoki

Nau'in biza shi ne ke yanke inda mutum zai iya zuwa. Bizar Hajji, kamar yadda ma'aikatar Hajji da Umara ta bayyana, ta taƙaita ne ga Makka, Madina da Jidda, don haka alhaji yana iya ganin Kornish da Al-Balad, amma ba Ɗa'ifa ba, kuma sai da sanin jami'an alhazansa. Mai bizar Umara yana da sarari, amma akwai wa'adin ficewa da ake sanarwa kowace shekara kafin Hajji, kuma wuce shi yana jawo tara, kora da hana dawowa. A makonnin Hajji akan tsaurara shingayen hanyar Makka, abin da ke shafar tafiya Ɗa'ifa. Mazauna ƙasar su riƙe iƙamarsu, baƙi su riƙe fasfo.

Dokar ɗa'a a bainar jama'a ta 2019 ta tanadi tara a kan zubar da shara, da shigar da ba ta dace ba, da ɗaukar hoton mutane ba da izininsu ba. Wannan na ƙarshe ya shafi masu ɗaukar bidiyo domin TikTok a bakin teku, inda matan wasu ke zaune. A mota, yaron da bai kai shekara 10 ba ba ya zama a gaba, ƙanana kuma sai da kujerarsu ta musamman. Akwai Uber da Careem a cikin gari, amma zuwa Ɗa'ifa ko Usfan gara a yi jinga da direba na yini guda, a gama ciniki kafin a tashi.

Guzurin da ba a raina shi ne ruwa fiye da yadda ake zato, hula ko lema, gishirin hana bushewar jiki, da takarda a aljihun kowane yaro mai ɗauke da sunan masauki da lambar wayar mahaifi. Yaron da ya yi laushi, ko ya daina gumi, ko ya fara sambatu a cikin zafi, a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa, a kira agaji nan take. Lambar gaggawa a yankin Makka, wanda Jidda da Ɗa'ifa ke ciki, ita ce 911. Ta motar asibiti 997, ta masu ceto a teku kuma 994.

Mai yini ɗaya tak ya haɗa Al-Balad da la'asar da Kornish da dare. Mai kwana biyu ya ƙara Obhur da sassafe. Mai kwana uku, idan bizarsa ta ba shi dama, ya hau Ɗa'ifa, ya sauko kafin duhu ya rufe hanyar tsauni.